Yadda Za Ka Zaɓi Madubin Hangen Nesa Ka Harbe Dinyar Surukarka

Kai mai son a ce maka maharbi alhali ƙaya ba ta taɓa sokar ƙafarka ba, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba ka tsallake ko guda ba, kafin ruwan fadama ya janye sunanka zai shiga bakin kowa daga Birnin Kebbi har Argungu. Ba zato nake yi ba. An gwada ya yi, kuma a kaina aka gwada.

Sunana Riskuwa, a Ambursa nake, sana'ata turara shinkafa. Ban yi boko ba, ban taɓa riƙe bindiga ba. Amma duk faɗin jihar Kebbi babu wanda ya san madubin hangen nesa kamar ni, don shi ya ci mini dinyata Ta-Fadama, kuma har yau da nake maganar nan ba a maido mini da madadinta ba. Ina faɗa, Cecilia mai tafireta, maƙwabciyar ɗiyata a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, tana bugawa. Ta ce za ta ɗan daidaita Hausata don mutanen gabas su gane. Na ce ta daidaita, amma in ta rage zafin ko kaɗan, ta nemi wata mai sayar mata da shinkafar da ba tsakuwa.

Duk misalin da zan kawo na mutum ɗaya ne. Ba zan kama sunansa ba, don mijin autata Asiya ne, ni kuwa ba a haife ni gidan da ake kiran sunan suruki ba. Ba na kallon idonsa, ba na ci a gabansa, ba na yi masa faɗa. Shi ya sa nake yi maka kai. Mutanen gari suna ce masa Mai Madubi, mu ma haka za mu ce.

Mataki na 1: Ka tabbata ba ka san daji ba

Wannan shi ne tushe. Wanda ya san daji ba ya bukatar madubi, ƙafarsa da hancinsa sun ishe shi, don haka ba da shi muke ba. Kai da muke nema, ka zama mai aikin ofis, mai tafin hannu kamar na jariri, wanda in kaza ta yi fiffike kusa da shi sai ya ja da baya ya ce a'uzubillahi.

Mai Madubi ya cika wannan sharaɗi har ya zarce. Ma'ajin kaya ne a wani ofis a Birnin Kebbi. Ranar sunan ɗansa na fari da aka ce ya riƙe ƙafar rago, ragon ne ya riƙe shi. Irin wannan mutumin, idan ya zauna a majalisa ya ji ana yabon maharba, abin yakan tsaya masa a wuya. To in kai ma ya tsaya maka, ka ci jarrabawar farko.

Mataki na 2: Je Argungu lokacin kamun kifi, ka tsaya kusa da direban Bature

Kada ka tambayi maharban garinku, za su ba ka shawara mai kyau su ɓata maka shiri. Ka hau babur ka tafi Argungu. Kada ka kalli ruwa, kowa ruwa yake kallo. Kai nemi inda Turawa suka kafa kayansu.

A can Mai Madubi ya ga abin: wani bututu baƙi, kaurin damtse, a kan ƙafa uku. Baturen da ke da shi ba ya harbi, kallon tsuntsaye kawai yake yi ya yi murmushi ya tafi. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa direbansa, wani mai suna Atiku, wanda bakinsa ya fi motar gudu.

"Wanga abu," in ji Atiku, "in ka kahwa shi nan bakin ruwa, kana ganin mai tuyar ƙosai Birnin Kebbi."

"Haba, Malam Atiku!"

"Har ka gane ƙosan na yau na ko na jiya."

Mai Madubi ya sa ido. Ya ga wani masunci can tsallake yana sosa kunne. Ya cire ido, ba masunci. Ya mayar, ga masunci yana duba abin da ya soso. Nan take zuciyarsa ta tafi.

Shawarar masana: kada ka yi ciniki, ciniki na masu shakka ne. Ka duba abin da iyalinka suka fi amfana da shi, ka ba da shi. Shi babur ɗinsa ya bayar, wanda yake kawo mini ɗiyata da jikana a kai. Atiku ya hau ya yi gabas. Mai Madubi ya dawo gida a bayan motar albasa, rungume da bututu, yana hawaye. Ya ce albasa ce.

Mataki na 3: Zaɓi mai babbar lamba

A jikin kowane madubi akwai lambobi. Cecilia ta ce ma'anarsu sau nawa yake jawo abu kusa. Kai dai nemi wadda ta fi girma.

Ga hikimar. Mai ƙaramar lamba yana nuna maka tsuntsu, ya nuna maka ciyawar da ke gefensa, da hanyar gari, da rumbu, da katangar mai tsuntsun. Wannan surutu ne, ba naka ba ne. Mai babbar lamba tsuntsun kaɗai yake ciko maka ido da shi, duniya duk ta ɓace. Ba gida, ba maƙwabta, ba suruka. Mutum ba ya jin kunyar abin da ba ya cikin gilashi.

Mataki na 4: Miƙaƙƙe ko mai lanƙwasasshen wuya

Iri biyu ne. Akwai miƙaƙƙe, wanda kake tsayawa ka duba kamar mutum. Akwai mai lanƙwasasshen wuya, wanda sai ka sunkuya kamar mai ruku'u. Ɗauki na biyun. Daga nesa mutane za su ɗauka nafila kake yi, su ce Allah sarki, mijin Asiya ya kama ibada.

Kada ka yarda a raba ka da ƙafa ukun, ko da sun fi ka nauyi. Ranar farko da Mai Madubi ya kafa su a bakin fadamarmu, da rigar ofis da biro a aljihu, gari ya ɗauka gwamnati ce ta aiko a auna gonaki za a karɓe. Dattijai suka fito da fura da ƙwan zabi suna ba shi haƙuri. Wani tsoho har ya fara nuna masa inda kabarin kakansa yake.

Ya sha furar kafin ya yi bayani. Ka lura da wannan, hali ne.

Mataki na 5: Yabe shi a gaban shaidu

Madubin da ba a yaba ba bututu ne. Yabe shi a ofis, yabe shi a tasha, yabe shi a ƙofar masallaci. Ka tabbata akwai masu riƙe magana a wurin.

Mai Madubi ya zauna a majalisar ƙofar gidan Dikko, Sarkin Bakan garinmu, wato shugaban maharba, kuma ƙanen marigayi mijina. Ya ce, "Baba, wanga abu ko ƙwarƙwata ta cikin gashin tsuntsu shina nuna ma ita. Babu abin da ka ɓoyuwa gare shi. Ko zare anka ɗaura ma sauro, ni gane launinai."

Dikko ya ce, "Ko zare?"

"Ko zare, Baba."

Dikko ya tauna goronsa ya ce, "Madalla." Wannan maganar ta zare, ajiye ta, za mu dawo kanta.

Mataki na 6: Manta cewa idonka ne ya je, bindigarka tana nan

Nan ne ilimin ya yi zurfi. Madubi yana kai idonka tsallaken fadama, amma bindigar toka da ka aro ba ta san an yi tafiyar ba. Kada ka bari wannan ya dame ka. Hango dinyoyi can inda ko kira ba ya kaiwa, ka ga kamar ka miƙa hannu ka shafa, ka ɗaga ido daga gilashi, ka harba.

Hayaƙi zai tashi. Kafaɗarka za ta yi tsami. Ka koma ka duba, za ka tarar da su suna gyaran gashi.

In ka ce bari ka matsa kusa, nan kuma wata matsala. Dinyar daji ba wawuya ba ce. Mutum na tafe da farar riga, ƙarafa uku suna ƙara a kafaɗarsa, yana santsi a laka yana salati, tun kafin ya yi rabin hanya sun tashi sun bar masa gashi ɗaya na tunawa.

Haka Mai Madubi ya yi ta yi, Asabar bayan Asabar. A unguwarsu kuwa Simeon, mijin Cecilia, ya sa shi gaba. Da ya hango shi sai ya ce, "Sannu da dawowa, Sarkin Daji! Tukunyarmu na bisa wuta tun ranar Argungu, ruwan ya ƙone sau nawa!" Cecilia, daina dariya ki buga, mijinki ma yana da kaso a cikin alhakin nan.

Mutumin da aka yi wa dariya a ofis, aka yi masa a unguwa, ya shiga gida matarsa ta ce "Malam, sannu, yau ma?" cikin ladabi, to wannan ya nuna, ya isa mataki na gaba.

Mataki na 7: Nemi tsuntsun da ba ya gudu

A kowace fadama akwai guda. Bari in gaya maka tamu.

Shekarar da mijina ya rasu, ina yankan shinkafa na tsinci ƙwai ɗaya a cikin ciyawa, babba, uwar ta gudu ta bar shi. Na sa wa agwagwata ta kwanta a kai. Abin da ya fito ya fi uwar riƙonsa tsawon wuya tun yana ɗan tsako. Dinya ce, babbar agwagwar daji, baƙa mai farin ƙirji da jan baki, da ƙaya a gwiwar fiffike. Na sa mata Ta-Fadama.

'Ya'ya suka yi aure suka watse, gida ya rage daga ni sai ita. In na shanya shinkafa a tabarma, ita ce mai gadi. Ba akuyar da ta isa ta matso. Ladanta da bakinta take ɗiba, ba mu taɓa faɗa a kai ba. In na yi magana tana amsawa, kuma ba ta taɓa kai maganata gidan kowa ba. Da hantsi takan tashi ta je wurin danginta a fadama, kafin la'asar ta dawo.

Don haka na yagi bakin jan zanena mai ɗigon fari na ɗaura mata a wuya. A garinmu kowa ya san wannan, yaro da babba: abin da aka ɗaura wa jan ƙyalle da mai shi, ba a harbinsa. Maharban Dikko sun yi shekaru suna wuce ta, wasu har gaishe ta suke yi.

Shi kuwa Mai Madubi ya fi kowa saninta. Lokacin da yake neman Asiya, Ta-Fadama ce ta fara yi masa tambayoyi, ta yaga masa wando a zaure. Da gyaɗa ya saye ta. Tun daga nan ba ya zuwa gidana sai da gyaɗa a aljihu.

Wata Asabar ta fita da hantsi. Aka ji bindiga sau ɗaya. La'asar ta yi, awaki suka shigo suka hau tabarmata suna ci, ba mai korarsu. Na bi bakin fadama ina kira har muryata ta dushe.

Mataki na 8: Kada ka manta rabon suruka

Maharbin kirki, naman farko da ya kashe sai ya aika wa surukai. Al'ada ce, kuma mutane sun gan ka da kaya a buhu, ba damar ɓoyewa. Don haka yanka ta tun a daji, fige ta a can, ka kai wa matarka tsirara ba riga ba alama.

Washegari sai ga Asiya ta sauko daga motar haya da kwano a ɗaure, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka.

"Inna, Malam ya yi sa'a! Ga naki, cinya ta."

Na ce mata ni Ta-Fadama nake nema. Ta ce, "Haba Inna, ƙila miji tas samu cikin danginta. Ci ki samu ƙarhin nema." Ɗiyata ba ta san komai ba, da hannunta ta daka yajin.

Na ci. Cecilia, buga haka, na ci. Har na ce a gaya masa Allah ya ƙara sa'a.

Mataki na 9: Samu ƙyalle mai laushi na goge gilashi

Masana sun ce gilashin madubi ba ya son yatsa, ba ya son bakin riga, sai ƙyalle mai laushi wanda ya sha wanki. In ka tsinci irinsa a wuyan abin da ka harba, ka cusa a aljihu cikin gaggawa, kada ka jefar. Bayan kwana biyu za ka manta inda ka samo shi.

Ran Juma'a, bayan an sauko, Mai Madubi ya kafa ƙafa ukunsa a ƙofar gidan Dikko. Yanzu ya zama wanda ya kashe dinya, har tafiyarsa ta sake. Mutane sun yi layi suna leƙawa. Ni kuma na fito da tiren shinkafa a ka zan kai wa mai saye. Daidai lokacin wani ya taɓa gilashin da hannun mai. Mai Madubi ya ce, "Kai, kai, kai!" Ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙyalle yana gogewa.

Ja. Mai ɗigon fari.

Da wani ne, da tiren nan a kansa zai ƙare. Amma suruki ne. Na juya na koma gida, na buɗe adaka, na ciro ragowar zanen na ɗaura, na juyo da yagaggen bakin waje inda kowa zai gani. Na dawo na tsaya a gefen layi, ina kallon bango.

Wanda ke kusa da ni ya dubi zanen, ya dubi ƙyallen, ya fita daga layi. Na bayansa ma haka. A hankali wurin ya yi tsit, sai Mai Madubi kaɗai ke ta bayanin lambobi. Da ya waiwayo ya gan ni, hannunsa ya tsaya a kan gilashi.

Dikko ya tofar da goro ya ce, "To. A aika Birni a kira Asiya."

Mataki na 10: In an kai ka gaban manya, kare madubin, ka bar kanka

Aka zauna a zauren Dikko. Ni a wannan kusurwa na ba da baya, Mai Madubi a tsugune bakin ƙofa da hula a hannu, Asiya a tsakiya ido ya kumbura. A waje rabin gari.

Dikko ya ce, "Riskuwa, mi kika so?"

Na ce, "Kai dai zauna, Dikko, kai da kab bari anka sha hurar tsohhi bakin hwadama. Asiya, tambayam min mai gidanki. Madubin nan nai, shina gani ko ba shi gani?"

Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba. Asiya ta juya ta ce, "Malam, Inna ta ce shina gani ko ba shi gani?"

Ya ce, "Ki hwaɗa ma Inna shina gani."

"Inna, ya ce..."

"Na jiya. To ki ce mai, in shina gani, ya ga jan ƙyalle wuyanta yah harbe ta. Wanda yay yi haka garinga, da sunan da aka kiranai. In ko ba shi gani, to ya ba da babur ya amso bututu. Wanda yay yi haka shi ma da nashi suna. Shi zaɓi guda, ni duk wanda yaɗ ɗauka ya yi min."

Daga waje wani ya ce, "Ai shi yac ce ko zare anka ɗaura ma sauro!" Wani ya ce, "Har launinai!"

Ga ƙofa a buɗe. Da ya ce gilashin ya yi hazo, ko rana ta haske shi, da dariya kawai za a yi masa a tashi. Mai hankali nan zai bi. Amma kai da ka bi matakan nan tun daga farko ba za ka iya ba, kuma shi ma bai iya ba. Ya dubi bututun nan da ke jingine a bango kamar ɗansa ne aka zaga.

Ya ce, "Madubin ba shi da laihi, Baba. Na ga ƙyallen. Tun daga nesa nig gane shi, har ɗigon."

Dikko ya ce, "To mi yak kai ka, yaro?"

Ya murɗa hular da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Na matsa, duk sunka tashi. Ita ɗai tat tsaya. Ta ma taho gare ni, Baba, da gudu. Ta aza gyaɗa nik kawo mata."

Asiya ta sa mayafi a fuska. Ni kuma na ci gaba da kallon bangon Dikko, wanda ko yaɓe bai iya yi masa da kyau ba.

Sai na ji motsin hannu a aljihu. Na ce, "Asiya, ce mai shi hidda hannunai. Ban kai ta kasuwa ba, ba a yi min kuɗinta. Rayayya yaɗ ɗauka, rayayya nika so."

Dikko ya ce magana ta yi. Ya yanke: Mai Madubi zai kawo dinya mai rai, da hannunsa, ba ta saye ba. Kafin nan bindiga ta koma wurin mai ita, madubi kuma da ƙafafunsa uku su zauna a gidana.

Mataki na 11: Koyi zama cikin masaki

Bindiga ba ta kamo rayayye, madubi ma haka. Hanya ɗaya ce, ta kakanni, Dikko ya koya masa. A zuba manyan ƙore a fadama su yi ta yawo har tsuntsaye su saba da su. Sannan ka huda idanu biyu a jikin masaki ɗaya, ka kifa a kanka, ka shiga ruwa har wuya, ka bi a hankali kamar iska ke tura ka. In ka shiga tsakiyarsu, ka kamo ƙafa ta ƙarƙashi.

A baki da sauƙi. Ba a gaya maka matsattsaku ba. Ba a gaya maka dinya in ta ji an riƙe ta da ƙayar fiffikenta take gaisawa ba.

Yanzu duk Asabar yana sauka daga motar haya, ya tuɓe rigar ofis ya ba Asiya, ya kifa masaki. Ni kuma in hau tudun bayan gidana in kafa ƙafa uku in sunkuya. Zan faɗi gaskiya ko a kan maƙiyi: abin nan yana gani. Atiku bai yi ƙarya duka ba. Ina ganin masakin yana rawar sanyi. Ina ganin idanu biyu a cikin huda suna neman taimako.

Abin da ya kawo zuwa yanzu: kirinjijiya guda, wata agwagwar daji 'yar mitsitsiya, na ce a mayar wa uwarta. Wata agwagwar gida da igiyar mai sayarwa a ƙafarta, na ce Asiya ta tambaye shi ko a fadama ake ɗaura musu igiya yanzu. Sai kumburi a goshi, sai mura.

Asabar ɗin da ta wuce ina dubawa, sai na hango wani baƙo can tsallake, da ganin takalminsa ɗan Birni ne, ya durƙusa ya saita bindiga kan garken da masakin ke ciki. Na bar madubin na yi ihun da sai da tsuntsayen fadama duk suka tashi. Baƙon ya gudu. Masakin ya miƙe tsaye yana waige-waige, bai san abin da ya faru ba, yana jin haushin an kore masa dinyoyi.

Da na koma gida na ciro zanen nan na sake yagar bakinsa. Na ba Asiya na ce ta ɗaura a saman masakin, ta ƙulle da kyau.

Ya aiko ta wai a gaya wa Inna, dinyoyi in sun ga ja tashi suke yi. Na ce ta gaya masa Ta-Fadama ta yi shekaru da shi a wuya, danginta ba su guje ta ba. In ya ga suna gudu, ya binciki kansa.

Sanarwa

Ni Riskuwa ba ruwana da abin da zai same ka in ka bi wannan jagora. In babur ɗinka ya yi gabas, in matarka ta daina yi maka yaji, in aka sa maka suna a tasha, in matsattsaku suka san ka da fuska, kada ka zo ƙofata, ban aike ka ba. Cecilia ma ba ruwanta, bugawa kawai ta yi. Mai ƙorafi ya nemi Atiku, in ya same shi ya gaishe mini da babur.

Abu ɗaya kawai zan ɗora maka. In ka sayi naka madubin ka kafa a fadamar Ambursa, ka hango masaki mai jan ƙyalle yana yawo a ruwa yana atishawa, sauke bindigarka. Da mai shi. Nawa ne, ɗiyata ba ta isa takaba ba, kuma bai kawo mini dinyata ba tukuna.